Tambayoyi da amsoshi game da BIOS ga mai son mayar da kwamfutarsa kan tsohuwar Windows

Da yawa daga cikin kwamfutocin tafi-da-gidanka da ke hannun ɗalibai, ma'aikata da masu shagunan buga takardu a Yamai na hannu ne, an yi aiki da su a ofisoshin Turai ko Amurka kafin su iso kasuwanninmu. Wasu suna zuwa da Windows 11 ko Windows 10, amma mai kwamfutar yana da tsohuwar na'urar buga takardu ko manhajar lissafin kuɗi wadda ba ta aiki sai da Windows 7, ko kuma ya gaji da sabuntawar da ke cinye masa kuɗin intanet. Daga nan sai ya yanke shawarar komawa baya. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda aka fi kawowa teburin masu gyara a kan wannan aiki, kuma kusan dukkansu suna komawa ga manhajar tushe, wadda kowa ya fi sani da BIOS.

Mece ce manhajar tushe, kuma me ya raba ta da Windows?

Windows tana zaune ne a kan diski, inda hotunanku da takardunku suke. Manhajar tushe kuwa tana cikin wata ƴar ƙwaƙwalwa da aka like a jikin uwar allon kwamfutar, yawanci mai ƙafa takwas, wadda girman abin da take ɗauka bai cika wuce megabait 8, 16 ko 32 ba. Ita ce ke fara tashi da zarar an danna maɓallin kunnawa. Aikinta ya yi kama da na maigidan da ke buɗe shago da asuba: ya kunna fitila, ya duba kaya suna nan yadda aka bar su, sannan ya miƙa wa yaron shago makulli ya ci gaba da ciniki. Tana tada furosesa, ta gwada ƙwaƙwalwar aiki, ta nemo diskin da za a tashi daga kansa, sannan ta miƙa ragama ga Windows.

Tsohon tsarin BIOS ya samo asali ne daga kwamfutar IBM ta 1981. Wanda ya gaje shi, UEFI, ya zama ruwan dare daga 2012, lokacin da Microsoft ya sharɗanta shi ga kwamfutocin da za a sayar da tambarin Windows 8. Har yau mutane suna kiran allon saitin UEFI da sunan BIOS, kuma haka za mu yi a nan, sai inda bambancin yake da muhimmanci.

Idan na goge Windows 11 na sa Windows 10 ko Windows 7, BIOS ɗin ma zai koma tsoho?

A'a. Goge diski ba ya taɓa ƴar ƙwaƙwalwar da ke kan uwar allo. Ko an cire diskin gaba ɗaya an sa sabo fil, zubin BIOS ɗin da saitinsa suna nan yadda suke.

To ashe sai na mayar da BIOS tsohon zubi kafin tsohuwar Windows ta yi aiki?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace jawo asara, kuma amsarta a mafi yawan lokuta ita ce kada ku yi. Akwai bambanci tsakanin canza saitin BIOS da canza zubin BIOS. Canza saiti shi ne ku shiga allon saitin ku kashe wani abu ko ku kunna wani, kuma idan bai yi ba ku mayar da shi yadda yake cikin minti ɗaya. Canza zubi kuwa shi ne a goge abin da ke cikin ƴar ƙwaƙwalwar a rubuta wani, abin da masu gyara ke kira filashin, kuma idan aikin ya katse a tsakiya kwamfutar ba za ta sake nuna ko tambarin kamfaninta ba. Kusan duk abin da tsohuwar Windows ke buƙata yana cikin saiti ne. Kamfanonin da suka ƙera kwamfuta don ta yi aiki da Windows 7 ba su cika cire wannan damar a sababbin zubin BIOS na wannan samfurin ba, don haka zubi na ƙarshe da suka fitar yakan ɗauki tsohuwar Windows kamar yadda na farko ya ɗauka.

Akwai kuma abin da ake rasawa idan aka koma baya. Sababbin zubi suna ɗauke da gyaran kura-kurai na caji, na fanka da na barcin kwamfuta, da kuma gyaran tsaro irin wanda aka fitar bayan an bayyana raunin furosesa da aka sa wa suna Spectre da Meltdown a watan Janairun 2018. Bayan haka, BIOS ba shi kaɗai ba ne a kan uwar allo. Akwai wata ƙaramar manhaja da ke kula da fanka, batir da madannai, akwai kuma ta sashen kula na Intel, kuma sau da yawa ana sabunta su tare. Wani lokaci BIOS yakan yarda ya koma baya amma sauran su ƙi, sai a wayi gari da kwamfutar da sassanta ba sa jituwa: fanka na gudu ba tsayawa, ko batir ya ƙi ɗaukar caji. Saboda irin wannan ne kamfanoni suka sa shinge. A kwamfutocin ThinkPad na Lenovo akwai saitin da ke hana komawa tsohon zubi, a na Dell ma akwai makamancinsa, kuma wasu zubin da zarar an hau su babu sauka ko da an buɗe shingen.

Halin da ya halatta a yi tunanin komawa shi ne idan wata matsala ta fara daidai bayan sabunta BIOS, kuma kamfanin da kansa ya bar tsohon zubin a shafinsa tare da bayanin cewa ana iya komawa kansa.

Me ya kamata in yi kafin in goge komai?

Abu na farko, ku juya kwamfutar ku karanta cikakken sunan samfurinta, sannan ku shiga shafin kamfanin ku duba ko akwai direbobin tsohuwar Windows ɗin da kuke so, wato ƙananan manhajojin da ke sa ta gane allo, sauti, Wi-Fi da sauran sassa. Idan kamfanin bai taɓa fitar da su ba, wannan babbar alama ce cewa aikin ba zai yi kyau ba, kuma gara a sani tun diski yana cike da kayansa. Idan akwai su, ku sauke su a kan kilen USB tun yanzu, musamman na Wi-Fi da na wayar intanet, domin kwamfutar da ba ta da direban intanet ba za ta iya sauko da sauran da kanta ba.

Na biyu, ku shiga allon saitin BIOS ku ɗauki hoton kowane shafi da wayarku. A Dell ana danna F2 yayin tashi, a HP F10, a ThinkPad F1, a Acer da Asus yawanci F2. Ko da Windows ɗinku da Faransanci take, wannan allon galibi da Ingilishi yake zuwa, kuma mutum yakan manta abin da ya taɓa bayan ya taɓa abu uku ko huɗu. Hoton shi ne zai dawo da ku hanya.

Na uku, ku kwashe kayanku zuwa wani diski na waje, ku buɗe wasu daga cikinsu a wata kwamfutar don ku tabbatar sun kwafu da gaske. Na huɗu shi ne makullin BitLocker, wato tsarin Windows na kulle abin da ke cikin diski, wanda ya cancanci amsa tasa daban.

Na kashe Secure Boot kawai, sai allo ya zama shuɗi yana neman wata doguwar lamba. Me ya faru?

Diskinku a rufe yake da BitLocker, wataƙila ba tare da kun sani ba, domin kwamfutoci da dama suna kunna wannan rufi da kansu da zarar an shiga da asusun Microsoft. Makullin rufin yana ajiye a cikin sashen tsaro na TPM, kuma TPM ba ya sakinsa sai ya ga kwamfutar ta tashi daidai yadda ta saba. Da kuka kashe Secure Boot, wato saitin BIOS da ke hana muguwar manhaja shiga tun kafin Windows ta tashi, sai ya ɗauka wani ne ke ƙoƙarin shiga ta bayan fage, ya riƙe makullin. Abin da allon ke nema lamba ce mai alƙaluma 48, a jere rukuni takwas, kowane rukuni alƙaluma shida.

Sau da yawa idan kuka koma BIOS kuka mayar da saitin yadda yake, Windows za ta tashi lafiya lau. Daga nan sai ku nemo lambar a asusunku na Microsoft, ku rubuta ta a takarda, ku dakatar da BitLocker ko ku cire rufin gaba ɗaya kafin ku sake taɓa BIOS. Abin da ba za ku yi ba ko kusa shi ne share TPM daga allon saiti alhali diskin yana rufe kuma ba ku da lambar. Wanda ya yi haka ya rasa kayansa, kuma babu mai gyara a Babbar Kasuwa ko wani wuri da zai iya dawo masa da su. Abin tausayi ne a ga ɗalibin da kundin kammala karatunsa ke cikin diskin yana juya kwamfuta a hannu, yana neman lambar a jikin kwali da bayan batir, alhali tana cikin asusun wanda ya saita masa na'urar tun ranar da ya saya.

Me ya sa Windows 7 take tsayawa cak a tambarin farko, ko ta ƙi tashi sam?

Windows 7 ta fito a 2009, kafin Secure Boot ya zo, don haka ba ta san shi ba kuma dole a kashe shi. Amma kashe shi kaɗai ba ya wadatarwa. Ko da an girka ta a tsarin UEFI, Windows 7 tana dogara da tsohuwar hanyar BIOS wajen kunna hoton allo yayin tashi. Wannan tsohuwar hanya tana samuwa ne ta wani sashe da ake kira CSM, wanda a wasu kwamfutocin za ku gan shi da sunan Legacy. Idan babu shi, sai ta maƙale a tambarin farko, launukan nan huɗu ko su taru su daskare ko su ƙi bayyana.

Matsalar ita ce Intel ya sanar tun 2017 cewa zai daina tallafa wa CSM zuwa 2020, kuma kwamfutocin da aka ƙera daga wannan lokaci da yawansu ba su da shi kwata-kwata. Idan kun bincika allon saiti kaf ba ku ga CSM ko Legacy ba, ba ɓoye shi aka yi ba, babu shi ne, kuma komawa tsohon zubin BIOS ba zai haifar da shi ba. A irin waɗannan na'urori kuma akan ga shuɗin allo mai lambar 0x000000A5, wanda ke nufin Windows 7 ba ta fahimci bayanan da BIOS ya miƙa mata game da wuta da sassan na'urar ba. Akwai dabaru da wasu ke yi da fayilolin da aka yi wa kwaskwarima, amma ba na ba kowa shawarar ya ɗora aikin da yake ci da shi a kan irin wannan gini.

Yaya zan san ko kwamfutata tana cikin waɗanda za su ɗauki Windows 7?

Ku duba lambar furosesarku. A jerin Core na Intel, alƙalamin farko bayan layin tsakiya, ko biyun farko daga zuriya ta 10 zuwa sama, shi ne ke nuna zuriya: i5-3320M zuriya ta 3 ce, i5-6300U ta 6, i5-8250U ta 8, i5-1135G7 kuwa ta 11. Zuriya ta 6, wadda ta fito a 2015, ita ce ta ƙarshe da Windows 7 ke da cikakken tallafi a kanta. Daga zuriya ta 7, da kuma Ryzen na AMD, Microsoft ya toshe sabuntawar Windows 7 da 8.1 a 2017, kuma direban hoton allo na hukuma ya yi wuyar samu.

Saboda haka samfura irin su ThinkPad T430, Latitude E6430 da EliteBook 8470p suna karɓar Windows 7 ba gardama, T460, E7470 da EliteBook 840 G3 suna karɓa bayan an ɗan yi musu shiri, waɗanda suka biyo baya kuwa wahalarsu ta fi amfaninsu.

Manhajar girkawa ta ce ba za ta iya girka Windows a wannan diskin ba saboda tsarin GPT ne. Ina mafita?

Hanyoyin tsara diski biyu ne. MBR shi ne tsoho, yana tafiya da tashi irin na Legacy, ba ya amfani da abin da ya wuce terabait 2, kuma manyan ɓangarori huɗu kawai yake ɗauka. GPT shi ne sabo, yana tafiya da UEFI. Saƙon da kuka gani yana nufin kun tada kilen a tsarin Legacy alhali diskin GPT ne. Ko dai ku sake tada kilen a tsarin UEFI, ko ku mayar da diskin MBR, wanda a lokacin girkawa yake nufin goge duk abin da ke kansa, har da ɓangaren farfaɗowa da kamfani ya ajiye. Manhajar Rufus, wadda masu gyara da yawa ke haɗa kile da ita, tana tambayar wanne tsari kuke so tun farko, kuma zaɓin da kuka yi a nan dole ya dace da saitin BIOS. A sani kuma cewa Windows 7 mai bit 32 ba ta tashi a tsarin UEFI na waɗannan kwamfutoci, sai Legacy da MBR.

Kilen ya tashi, amma an ce babu direba, ko kuma ba a ga diski ba sam. Diskin ne ya lalace?

Da wuya. Abubuwa uku ne suka fi jawo haka, kuma kowanne da zamaninsa.

A Windows 7, faifan girkawa na asali bai san USB 3.0 ba. Daga zuriya ta 6 Intel ya cire tsohon sashen da ke kula da USB 2.0, don haka da zarar manhajar girkawa ta karɓi ragama daga BIOS sai ta daina ganin kilen da ta taso daga kansa, linzamin waje ma ya mutu. Maganin shi ne a cusa direban USB 3.0 cikin kilen tun kafin a fara. Haka kuma Windows 7 ba ta san diski irin na NVMe ba sai an haɗa mata gyaran da Microsoft ya fitar mai lamba KB2990941.

A Windows 10, musamman kan zuriya ta 11 zuwa sama, diskin yakan ɓuya ne a bayan wani tsarin Intel da ake kira VMD ko RST. Ko ku sauko da direbansa daga shafin kamfani ku nuna wa manhajar girkawa, ko ku shiga BIOS ku mayar da saitin diski zuwa AHCI. Sai dai ku lura, idan kuka canza wannan saitin sannan kuka fasa aikin, Windows ɗin da ke kan diskin ba za ta tashi ba sai kun mayar da shi yadda yake.

Ga masu neman Windows XP saboda wata tsohuwar na'urar asibiti ko ta ɗab'i, lamarin akasin haka ne: XP ba ta san AHCI ba, takan faɗi da shuɗin allo mai lambar 0x0000007B, sai an mayar da saitin zuwa IDE idan BIOS ɗin yana da shi.

Daga Windows 11 zuwa Windows 10 fa, shi ma da irin wannan wahalar?

Ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, domin Windows 10 ta san UEFI, Secure Boot, GPT da TPM, don haka yawanci ba sai an taɓa BIOS ba. Idan daga Windows 10 kuka hau 11 kuma ba a yi kwana goma ba, akwai maɓallin komawa a cikin saitin farfaɗowa, muddin ba a share jakar Windows.old ba. Bayan wannan wa'adi sai girkawa sabuwa.

Abubuwa biyu ne za a kiyaye. Furosesoshin Intel daga zuriya ta 12 suna da ƙwayoyi iri biyu, masu ƙarfi da masu tattalin wuta, kuma Windows 11 ce aka tsara ta fi iya raba musu aiki. Na biyu, tsohon kilen girkawa da ya daɗe a aljihun mai gyara yana iya ƙin tashi a kwamfutar da Secure Boot ɗinta ke kunne. Dalili shi ne BIOS yana riƙe da jerin manhajojin tashi da aka soke amincinsu, kuma bayan ɓullar muguwar manhajar BlackLotus, Microsoft ya fitar da matakan soke tsofaffin a 2023. A na'urar da aka aiwatar da matakan, goge diski ba ya goge wannan jeri. Abin yi shi ne a haɗa sabon kile daga shafin Microsoft.

Lasisina zai bi ni idan na koma baya?

Tun daga Windows 8 kamfanoni suka daina liƙa takardar lamba a ƙarƙashin kwamfuta, suka koma rubuta lambar lasisi a cikin manhajar tushe. Shi ya sa Windows 10 da 11 suke gane lasisinsu da kansu, kuma shi ya sa wani lokaci manhajar girkawa take zaɓar muku nau'in Home ba tare da ta tambaya ba. Tsakanin 11 da 10 lasisi ɗaya ne ke aiki, in dai nau'in bai canza ba. Windows 7 kuwa ba ta karanta wannan lambar, tana buƙatar tata. Haƙƙin sauka zuwa tsohon zubi da Microsoft ke bayarwa na masu nau'in Pro ne, ban da Home.

Akwai masu yi wa BIOS kwaskwarima don cusa masa alamar lasisin Windows 7, ko su sa manhajar da ke yaudarar tashi. Ban da kasancewarsa keta sharaɗin lasisi, wannan na cikin hanyoyin da suka fi kashe uwar allo, kuma fayil ɗin BIOS da ba daga kamfani ya fito ba babu wanda ya san abin da aka ɗura a cikinsa.

Idan ya zama dole a yi filashin, yaya za a yi shi cikin aminci a garin da wuta ke ɗaukewa?

Idan za ku sabunta BIOS, ku yi shi tun kuna kan sabuwar Windows, domin manhajar sabuntawar da kamfani ya fitar kwanan nan ba lallai ta buɗe a Windows 7 ba. Ku tabbatar fayil ɗin na samfurinku ne daidai, harafi da alƙalami, don 840 G3 da 840 G4 ba abu ɗaya ba ne. Ku dakatar da BitLocker, ku cire duk abin da ke jone ban da caja.

Batir shi ne garkuwarku. Manhajojin filashin da yawa ba sa farawa sai sun ga caja a jone da batir mai caji, kuma wannan sharaɗi don kare ku aka sa shi. Matsalar kwamfutocin hannu ita ce batirinsu yakan nuna ya cika alhali ba ya riƙe wuta ko na minti biyar. Ku gwada shi tukuna: ku zare caja ku ga ko na'urar za ta yi rabin awa tana aiki. Idan ba za ta yi ba, kada ku tilasta wa manhajar ta tsallake sharaɗin, ku nemi batir mai kyau ko wurin da ke da na'urar riƙe wuta. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 kuma wuta ta fi yawan ɗaukewa, ya fi kyau a yi aikin da sassafe, a kan tebur mai tauri, bayan an busa ƙurar da ta toshe fanka. Yayin filashin fanka takan yi gudu da ƙarfi, allo ya yi baƙi, na'urar ta mutu ta tashi sau biyu ko uku da kanta. Duk wannan daidai ne. Kada hannu ya kai ga maɓallin kashewa.

Filashin ya katse, yanzu kwamfutar ba ta nuna komai. Ta mutu ke nan?

Ba lallai ba. Kwamfutocin HP da yawa suna da hanyar farfaɗowa ta riƙe maɓallin Windows da B yayin kunnawa, na Dell kuma Ctrl da Esc yayin jona caja. Idan wannan bai yi ba, ƙwararren mai gyara zai buɗe na'urar, ya maƙala wa ƴar ƙwaƙwalwar wani ɗan matsi mai haƙora takwas ko ya ɗaga ta da iska mai zafi, ya sake rubuta ta da ƙaramar na'ura irin CH341A. Ku roƙe shi ya fara kwafe abin da ke ciki ya ajiye kafin ya rubuta komai, ko da ya lalace, domin a nan ne lambar na'urarku da lambar lasisinku suke, kuma fayil ɗin da aka samo daga wata kwamfutar ba ya ɗauke da naku.

Na sayi ta hannu, BIOS ɗin yana neman kalmar sirri. Cire ƙaramin batirin ciki zai share ta?

A tsofaffin kwamfutocin tebur yana yi. A kwamfutocin ofis irin su ThinkPad, Latitude da EliteBook ba ya yi, domin kalmar tana ajiye a wurin da ba ya buƙatar wuta. Cire batirin zai ɓata kwanan wata ne kawai. Ba tare da kalmar ba kuwa ba za ku iya kashe Secure Boot ko kunna Legacy ba, don haka maganar Windows 7 ta tsaya. Ku shiga BIOS a gaban mai sayarwa tun kafin ku biya kuɗi, ku canza wani ƙaramin saiti ku gani ko zai karɓa. Idan a kulle yake, ku mayar masa ya ba ku wata.

An girka lafiya, amma hasken allo ba ya raguwa, kwamfutar kuma ba ta barci idan na rufe ta. BIOS ne?

Rabi BIOS, rabi direbobi. Maɓallan haske, sauti da Wi-Fi suna aiki ne ta haɗin gwiwar manhajar tushe da wani direba na kamfani, kuma idan babu shi a tsohuwar Windows sai su zama ado. Barci kuwa iri biyu ne: tsohon da ake kira S3, wanda Windows 7 ta sani, da sabon da kwamfutocin zamani suka koma kansa. Wasu samfuran ThinkPad suna barin mutum ya zaɓa a allon saiti, amma da yawa sun cire tsohon gaba ɗaya. Kwamfutar da aka rufe aka sa a jaka alhali ba ta yi barci ba tana iya yin zafin da zai cutar da batir, balle a kan babur da tsakar rana. Har sai kun tabbatar barcin yana aiki, ku riƙa kashe ta gaba ɗaya.

Ko da komai ya yi daidai, hikima ce a zauna kan tsohuwar Windows?

Microsoft ya daina fitar da gyaran tsaro na XP a ranar 8 ga Afrilun 2014, na Windows 7 a ranar 14 ga Janairun 2020, na 8.1 a ranar 10 ga Janairun 2023, tallafin Windows 10 na gama-gari kuma ya ƙare a ranar 14 ga Oktoban 2025. Chrome ya tsaya a zubi na 109 ga Windows 7. Ga kuma Secure Boot da aka kashe, wanda shi ne ke hana muguwar manhaja shiga tun kafin Windows ta tashi. A shagon da ɗalibai ke zuwa da kile iri-iri daga safe zuwa dare, wannan ba ƙaramin haɗari ba ne.

Ra'ayina shi ne, idan manhaja ɗaya ko na'ura ɗaya ce ta sa kuke son komawa, ku fara gwada girka tsohuwar Windows a cikin sabuwa ta hanyar VirtualBox ko makamancinsa. Abin da wannan ke buƙata daga BIOS saiti ɗaya ne tak, wato kunna VT-x a Intel ko AMD-V a AMD, kuma ba a goge komai. Idan bai biya buƙata ba, ku ware tsohuwar kwamfuta ta zuriya ta 3 ko ta 4 don wannan aikin kaɗai, ku raba ta da intanet, kada kuma a buɗe asusun banki ko na aika kuɗi a kanta.

Mac da Linux fa?

A ƙa'ida Mac ba ya karɓar macOS da ya girmi wanda ya zo da shi daga masana'anta, kuma manhajar tushensa da aka sabunta ba ta komawa baya don an girka tsohon tsari. A Linux, tsohon zubi yakan tashi amma ya kasa gane Wi-Fi ko hoton allo na sabuwar na'ura, kuma bayan raunin BootHole na 2020 an soke amincin tsofaffin manhajojin tashi da dama, don haka tsohon faifai yana iya ƙin tashi sai an kashe Secure Boot.

Idan daga baya na so komawa Windows 11, me zan gyara?

Duk abin da kuka sauya sai ya koma. Windows 11 tana buƙatar tashi a tsarin UEFI, diski a tsarin GPT, TPM 2.0 a kunne, da na'urar da ke iya Secure Boot, sannan a hukumance furosesar Intel daga zuriya ta 8 zuwa sama. Ku kashe CSM tukuna, domin a yawancin kwamfutoci Secure Boot ba ya kunnuwa muddin CSM yana aiki. Idan diskin MBR ne kuma Windows 10 ce a kansa, akwai umarnin mbr2gpt da ke mayar da shi GPT ba tare da goge kaya ba, amma a yi shi kafin a sauya saitin tashi a BIOS, kuma bayan an kwashe kaya zuwa diski na waje.